Neman gurbin binciken lissafi a ƙasashen waje: inda ɗalibanmu ke tuntuɓe

Na gaji da ganin ɗalibai masu kai suna rasa gurbi kan abin da bai taka kara ya karya ba. Binciken hutun bazara, wato gajeren binciken da ɗaliban digirin farko ke zuwa yi a ƙasashen waje lokacin dogon hutu, ana yin sa ne daga Yuni zuwa Agusta, amma yawancin wuraren suna rufe karɓar takardu a Janairu ko Fabrairu. Wanda ya zo a Afrilu yana cewa "Malam, a taimaka", ya makara. A fara shiri tun Nuwamba.

Sai rashin karanta sharaɗi. Shirin REU na Amurka, na binciken ɗaliban digirin farko, wanda hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta ƙasar, NSF, ke ɗaukar nauyinsa, kuɗinsa na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Ɗalibi a Zariya ko Yamai sai ya ɓata makonni yana cike takardun da ba za a duba ba. Ka nemi inda ƙofa take buɗe. Shirin bincike na RIPS na cibiyar lissafi ta IPAM a jami'ar UCLA da ke Los Angeles yana karɓar 'yan waje: mako tara, ɗalibai huɗu a kowace ƙungiya, kamfani ya kawo matsalarsa ta gaske su warware. Cibiyar lissafi ta Fields da ke Toronto a Kanada ma tana ɗaukar ɗalibai daga wasu ƙasashe.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na wasiƙar shaida. Ina da ɗaliba da ta fi kowa a ajinta, ta kuma yi aiki mai kyau kan yaɗuwar ƙyanda da tsarin SIR, wato lissafin yadda cuta ke yaɗuwa cikin jama'a, wanda masana Kermack da McKendrick suka kafa a 1927. Da ta tashi neman wasiƙa, sai ta tsallake malamin da ya zauna da ita kan aikin, ta tafi wurin babban farfesan da bai san fuskarta ba, wai sunansa ya fi nauyi. Layi uku ya rubuta: tana da ladabi, tana da ƙwazo, a ɗauke ta. Ba a ɗauke ta ba, kuma shekarar ce damarta ta ƙarshe. Har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Haba jama'a! Masu tantancewa ba muƙami suke karantawa ba. So suke a ce musu wannan yarinya ta maƙale a wuri kaza, ga yadda ta fita. Ni dai ba na rubuta wa kowa sai ya ba ni wata guda, ya kawo sakamakonsa, ya kuma zauna ya bayyana mini aikinsa da bakinsa.

A bayanin kanka, ka bar zancen "tun ina yaro nake son lissafi". Ka ambaci aikin da kake so a cikin jerin ayyukan wurin da kake nema da dalilinka. Kada ka tura takarda ɗaya wuri goma ka manta da sunan wata jami'ar a ciki.

Lissafin aikace ba ya tafiya sai da kwamfuta. In ba ka iya harshen kwamfuta irin Python ko MATLAB ba, koya yanzu, kuma kada ka rubuta ka ƙware alhali sau biyu ka taɓa buɗe shi.

Fasfo kuwa a yi shi kafin amsa ta zo, don biza tana cin lokaci. Ka kuma duba ko jarrabawarku za ta faɗo a Yuli, ka sanar da shugaban sashe da wuri, a rubuce.