Kaska da matsattsaku: kurakuran da muke yi wajen raba su da jiki

Damina na sauka ciyawa ta yi tsawo, kaska ma sai ta dawo. Shekaranjiya na tarar da ƙanina ya danne maraƙinmu yana fizgar kaska a ƙarƙashin wutsiyarsa, in ya ciro sai ya murje ta da farce jini ya fantsama a yatsunsa, wallahi raina ya ɓaci na ce kai yaro tsaya.

Ita fizgar nan ita ce kuskure na farko. Bakin kaska yana da ƙananan ƙayoyi da take kafewa da su cikin fata, in ka fizga da ƙarfi jikin ne zai biyo ka, bakin ya tsaya ciki, wajen ya kumbura ya yi ruwa ƙuda su samu wurin zama. Kama ta can wajen bakinta daf da fata, da ɗan hantsaki in akwai, ka ja a hankali a miƙe ba tare da murɗawa ba. Kuma don Allah a daina murje ta da hannu, akwai zazzaɓi mai sa zubar jini da kaska ke ɗauka wanda yana kama mutum. A jefa ta wuta ko cikin gwangwani mai kalanzir. In ka yar a ƙasa kuwa, macen da ta ƙoshi ƙwai dubbai za ta zuba maka a garke.

Sai masu shafa baƙin mai ko ɗana mata garwashi tana jikin dabba. Fatar kawai kake ƙonawa, ita kuma in ta ji wuya ƙara zubo yawunta take yi cikin jini, ta nan cuta ke shiga.

Wanda ya fi damuna shi ne magani. Mutum ya ɗauko ragowar maganin feshin wake ya dama ya wanke saniya da shi, saniyar da ake tatsa yara su sha nonon! Wani kuma ya sayi maganin kaskar na gaskiya amma ya tsinka shi da ruwa fiye da ƙa'ida wai don ya isa garke duka, kaskar ba ta mutu ba sai ma ta saba, baɗi ka fesa ta ƙi ji. Bi awon da ke jikin kwalba, ka tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Maganin kaska mai sinadarin amitraz kar ya kusanci doki ko jaki, yana iya kashe su. Dabbar da ka sayo a kasuwar Maigatari ko Wudil kuma ware ta tukuna, a duba kunne da hantsa da tsakanin kofato kafin ta shiga cikin 'yan uwanta.

Kaji ma haka, a fesa wa kaza a bar akurki, alhali kaskar kaji da rana cikin tsagar bango take ɓuya, da dare take fitowa shan jini. Akurkin za a yi wa magani a liƙe tsagogin.

Mu da ke dashen shinkafa a fadamar Hadejia mun san matsattsaku. Ana zuba masa gishiri ko toka, yana faɗuwa kam, amma sai ya amayar da abin cikinsa a ciwon. Zura farce ta gefen bakinsa ka ture shi. Jinin zai yi ta zuba na wasu awanni saboda yawunsa yana hana jini daskarewa, wanke da sabulu ka danne da tsumma mai tsabta, kar ka cusa ƙasa. In saniya ta sha ruwa a kududdufi ka ga jini na ɗiga ta hanci tana tari, leƙa hancin da maƙogwaro da tocila, ƙaramin matsattsaku kan shige can ya maƙale, kuma wannan kar ka sa hannu ka ja, kira malamin dabbobi.