Tazarar haihuwa da HIV: kurakuran da aka fi yi

Da zarar an tabbatar wa mace tana ɗauke da HIV, sai ka ga ta daina allurar wata uku, ko ta je a cire mata ashanar hannu (ɗan siririn abin tazarar haihuwa da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse), wai kada su ƙara karya mata garkuwar jiki. Tsoron yana da asali. A 2007 wani bincike a Zambiya ya nuna kamar ciwon ya fi saurin tsananta ga masu shan ƙwaya ko yin allura fiye da masu robar mahaifa ta jan ƙarfe. Sai dai mata da yawa sun sauya hanya ana tsakiyar binciken. Yawancin binciken da suka biyo baya sun duba adadin CD4 (ƙwayoyin garkuwar jiki da HIV ke kai wa hari) da yawan ƙwayar cutar a jini, ba su ga wani bambanci ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince mai HIV ta yi amfani da ƙwaya, allura ko ashana.

Inda matsalar take, ba a cika dubawa ba. Wasu magungunan HIV ne ke iya rage ƙarfin na tazarar haihuwa. Efavirenz, ɗaya daga cikinsu, yana sa hanta ta narkar da sinadarin ashana da wuri, mace na ganin tana da kariya sai ga ciki. Rifampicin na tarin fuka shi ma haka yake yi wa ashana da ƙwaya. Dolutegravir, wani maganin HIV ɗin, ba ya wannan ɓarnar, allurar wata uku kuma ba ta cika raunana ba. Gyaran mai sauƙi ne: ki tafi da kwalbar maganinki wurin ma'aikaciyar tsarin iyali, ta karanta sunan da idonta. Kada kunya ta sa ki ɓoye. Kada kuma ki ajiye maganin HIV don ashana ta yi aiki, ashanar ake sauyawa.

Wasu kuma suna jingine kwaroron roba da zarar sun fara allura, alhali allura ba ta hana ciwon sanyi.

Rikicewar al'ada ma tana firgita mata, ɗigon jini yau, shiru na watanni gobe. Aikin allurar ne ko ashanar, ba alamar ciwon ya tashi ba. Gwajin yawan ƙwayar cutar a jini ne ke nuna hakan. Idan jinin ya yi yawa ko ya zo da ciwon mara da zazzaɓi, ki je asibiti a duba ki.