Kurakuran da Ke Kashe Inji Kafin Lokacinsa: Bugu Biyu, Bugu Huɗu, Fetur da Gas

Injina da yawa da ake kaiwa wurin bakanike a mace ba tsufa ne ya kashe su ba. Mai abin ne ya ɗauka inji duk inji ne, ya yi wa wannan abin da ake yi wa wancan. Alhali ƙaramin janaretan shago, da babur ɗin haya, da injin niƙa, kowanne da yadda yake cin mai a cikinsa.

A cikin silinda akwai fistin da ke hawa yana sauka, kuma kowace tafiya ɗaya, sama ko ƙasa, ita ce bugu. A inji mai bugu huɗu, fistin zai sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su kama su danna shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙin ta salansa. Cikin huɗun nan bugu ɗaya ne kaɗai ke ba da ƙarfi, kuma sai karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ya juya sau biyu kafin a sake samun wani. Bajamushe Nikolaus Otto ne ya fito da injin da ke aiki a kan wannan tsari a 1876, kuma har yau a kansa motocin fetur suke.

Mai bugu biyu kuwa a juyi ɗaya yake gama komai. Ƙananan irinsa ba su da bawul, wato murafun da ke buɗe wa iska da hayaƙi hanya, 'yan ƙofofi ne a jikin silinda da fistin ke buɗewa yana rufewa. Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne fetur da iska sai sun ratsa ta ƙarƙashin fistin, inda karanshaf yake, kafin su hau sama. Don haka babu wurin da baƙin mai zai kwanta. Dole a cikin fetur zai shiga.

Daga nan kuskure mafi tsada yake farawa. Na taɓa tsayawa a kan wani maƙwabcina tela lokacin da aka kwance masa ɗan janaretansa, irin mai tankin lita 4 ɗin nan. Yaron shago ne ya sayo fetur ya ɗura zalla, bai san ana haɗawa da mai ba. Injin ya yi ta aiki, har ya fi kullum rashin hayaƙi, can sai ya tsaya cak, aka ja igiya ta ƙi motsi. Da aka zaro fistin, gefensa ɗaya duk ya karce kamar an goga shi a kan dutse, rin, wato zoben da ke zagaye fistin, ya manne a cikin raminsa. Ana sauran kwana uku Sallah, ɗinki jibge. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, don man da aka rasa bai kai rabin ƙaramin kofin shayi ba.

Ma'aunin yana rubuce a murfin tanki ko a jikin injin. Idan ka ga 50:1, ana nufin fetur kashi 50, mai kashi 1, wato mililita 20 a kowace lita, mililita 80 ke nan a lita 4. Idan 25:1 ne, mililita 40 a lita. Kada ka auna da ido. Sayi sirinji mai mililita 20 a kemis ka ajiye shi don wannan aiki kawai. Haɗa a jarka, ka girgiza, sannan ka zuba a tanki. Man da aka yi don wannan aiki shi ne mai alamar 2T, saboda an yi shi ne ya ƙone tare da fetur. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda wasu ke zubawa don sauƙi, cike yake da datti da burbushin ƙarfe. Masu ganin gara a cika mai da yawa su ma ba su tsira ba: fulogi zai yi baƙi ƙirin, salansa ta toshe da dauɗa, injin ya rasa ƙarfi.

Akwai kuma masu yin akasin haka. Wanda ya saba da tsofaffin babura masu bugu biyu, sai ya sayi Boxer ya ci gaba da ɗiga mai a tankin fetur, yana ganin gata yake yi masa. Boxer mai bugu huɗu ne, mansa na ƙasa, yana zagayawa yana komawa. Wanda aka zuba a fetur ba abin da zai yi sai ɓata fulogi da tara dauɗa a kan fistin da bawul. Abin da irin wannan inji ke so shi ne a duba ma'aunin mai kafin a tayar, a kuma juye shi a kan lokaci. Injin ban-ruwa ma haka. Na sha ganinsa a fadama an girke shi a karkace a bakin rafi, alhali ƙananan injinan nan fantsala mai suke yi daga ƙasa, idan ya taru a gefe ɗaya wani sashen zai bushe. A gyara masa wuri ya zauna daidai.

Wani ruɗanin shi ne haɗa maganar bugu da maganar irin mai. Tambayoyi biyu ne daban. Akwai injin gas, wato dizal, mai bugu huɗu, shi ne a tirela da tarakta, akwai kuma mai bugu biyu, irin manyan injinan da ke tura jiragen ruwan dakon kaya.

Bambancin fetur da gas yana wurin kunna wuta. Injin gas, wanda Rudolf Diesel ya tayar da na farkonsa mai aiki sosai a garin Augsburg na Jamus a 1897, iska zalla yake zuƙa. Injin fetur kan matse abin da ya shaƙa kamar sau 8 zuwa 12, shi kuwa na gas sau 15 zuwa sama da 20, har iskar ta wuce digiri 500 a zafi. A daidai lokacin nozul zai feso gas, ya kama da kansa. Babu fulogi. Hitar da ke wasu motocin gas ɗumama silinda kawai take yi kafin a tayar, ba tartsatsi take bayarwa ba. Wanda ya taɓa tayar da injin niƙa ya ga wannan da hannunsa: sai ka ɗaga 'yar libar da ke sakin matsi, ka yi ta juya hannu har ƙafar injin ta ɗauki gudu, sannan ka saki, matsi ya dawo, injin ya kama.

Saboda haka idan injin gas ya ƙi tashi, ba wuta za a nema ba. A duba ko batir na juya shi da sauri, ko filta ta toshe, ko iska ta shiga layin mai. Na ƙarshen nan ya fi faruwa ga masu barin tanki ya ƙafe. Ko an cika shi ba zai tashi ba sai an sassauta kusar fitar da iska, an yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare gas zalla ya fito. Masu tsoma tsumma a fetur su kara a bakin iska don ya tashi, su daina. Yana dukan fistin ba a kan lokaci ba, kuma wuta na iya kama hannu.

Idan aka yi kuskure aka ɗura fetur a motar gas, kada ma a murɗa makulli. Gas yana da maiƙo, shi ke shafa famfo da nozul, fetur kuwa wanke maiƙon yake yi. A tura motar gefe a juye tankin. Haɗa gas da kananzir ma rage wannan maiƙon yake yi.

Sai motocin da ke haɗa fetur da lantarki, irin Prius da Toyota ta fitar a 1997. Injinsu na bin tsarin da ake jingina wa Baturen Ingila James Atkinson, wanda ya zo da shi a 1882. A na zamani, bawul ɗin shigar iska kan yi jinkirin rufewa da gangan, wani ɓangare na abin da aka shaƙa ya koma, sai matsawa ta gajarce, turawa kuma ta yi tsawo. Mai yana auki, ƙarfi yana ɗan raguwa, lantarki ya cike giɓin. Bakaniken da bai san haka ba zai iya cewa taimin ya goce ya hau gyaran abin da lafiyarsa ƙalau. Tsarin Miller ma wannan dabarar ce, sai dai ana haɗa ta da abin da ke cusa iska da ƙarfi.

Hayaƙi ma ana yawan yi masa gurguwar fahimta. Ɗan shuɗin hayaƙi a mai bugu biyu ba ciwo ba ne, mansa yake ƙonawa. A mai bugu huɗu kuwa alama ce cewa mai na haurawa sama, a duba rin da robobin bawul. Baƙin hayaƙi na nufin fetur ko gas ya yi wa iskar yawa, kuma a lokacin hunturu filtar iska ce abin dubawa na farko. Wanda ya fi haɗari ba a ganinsa, ba a jin warinsa, kuma kowane injin da na ambata yana fitar da shi. Shi ne ke kashe mutane cikin barci idan aka shigo da janareta zaure ko ɗaki don tsoron ɓarayi ko ruwan sama. A ɗaure shi da sarƙa a tsakar gida, a yi masa rumfa mai buɗaɗɗen gefe, salansar kuma ta juya wa taga baya.