Yadda Za Ka Gane Ciwon Huhun da Ke Fakewa da Tsufa

Goggona ta kai shekara arba'in tana suyar ƙuli-ƙuli a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, cikin madafin da ba shi da taga, wutarta kara da itace. Ko sau ɗaya taba ba ta taɓa zuwa bakinta ba. Da tari ya fara tashinta da asuba, ta ce sanyi ne. Da haki ya biyo baya, ta ce da ni, "Ɗan nan, girma ne ya zo." Mu ma muka yarda.

Ashe ciwon huhu ne da likitoci ke kira COPD, wanda yawan shaƙar hayaƙi ke kawowa. Abin da ya rufe mana ido, ciwon a hankali yake toshe hanyoyin numfashi, mai shi kuma yana ta rage aiki bai ankara ba. Goggo ta bar wa jikoki daka, ta daina zuwa rijiya. Wanda ke zaune a tabarma ina za a ga hakinsa?

Don haka kada ka tsaya ga "Baba, ya jiki?", domin "da sauƙi" za ka ji. Tambaye shi aikin da ya yi bara wanda bana ya gagare shi. Ka raka shi masallaci kana jansa da hira. In yana katse magana don ya ja numfashi, ko ya tsaya ya dafa katanga, to ka lura. Haka nan kakin majina kowace safiya wata da watanni, da ƙirji mai kuka, musamman in hazon hunturu ya sauka.

Tarin da ya kai mako biyu, a fara da gwajin tibi, kyauta ake yinsa a asibitin gwamnati. In ba a ga komai ba, kada ku koma gida ku kama maganin tari na kemis, nan muka yi kuskure, har yau abin yana damuna. Ku nemi a tura ku babban asibiti, kamar na Malam Aminu Kano, a yi gwajin hura iska cikin na'ura. Shi ke tabbatar da wannan ciwo na COPD, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum sama da miliyan 3 a 2019.

Huhun da ya lalace ba ya komawa sabo, amma maganin shaƙa yana sassauta numfashi ƙwarai. Mai shan taba ya daina, mai shiƙa da sussuka ya rufe hanci da baki. Mu dai murhun Goggo muka fitar tsakar gida, muka fasa taga a madafin saboda damina.