Yadda dillali zai yi amfani da akwatin mabuɗi mai lamba wajen nuna gida

Duk wanda ke dillancin gidaje a Birnin Kebbi ya san wahalar mabuɗi. Gida yana unguwar Gesse, mai gidan yana Abuja, mabuɗin yana wurin mai shagon kusa da gidan, shi kuma ya tafi kasuwa, mai saye yana tsaye cikin ranar Afrilu yana jira har ya gaji ya tafi. Toh akwai wani ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi da ake ajiye mabuɗi a ciki a rataye shi a gidan, duk wanda ya san lambar sirrin shi zai buɗe. A Amurka dillalai sun daɗe da shi, nasu ma irin su Supra da SentriLock da waya ake buɗe su kuma suna rubuta wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe. Mu nan mai lambobin juyawa ya ishe mu, ba ya son batir ba ya son intanet.

Wajen saye ka ɗauki mai layi huɗu, shi lambobi 10,000 ake iya haɗawa da shi, mai layi uku 1,000 ne kawai, yaro mai haƙuri zai zauna ya gwada su duka. Masu maɓallin dannawa da yawansu basu damu da wace lamba ta fara ba, ko ta baya ka danna ya buɗe, shi yasa ban cika son su ba. Ka ɗaga shi ka ji nauyi, in ya yi sakayau guduma ɗaya ta gama da shi.

Sabo yakan zo da 0000. Ka buɗe, a ciki akwai ɗan ƙarfe da ake turawa, ka tura shi, ka juya lambobin da kake so, ka mayar da shi yadda yake. Dan Allah ka gwada lambar sau biyu ko uku murfin yana buɗe kafin ka rufe mabuɗi a ciki. Kada ka sa 1234 ko shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka da ke rubuce a allon da ka kafa a ƙofar gida. In ka rufe ka dagula layukan duka huɗun, wasu ɗaya kawai suke juyawa, wannan daidai yake da ka bar shi a buɗe.

Inda za ka sa shi, wanda ake ɗaurewa a bango da noti ya fi mai rataya kamar kwado, don mai rataya ana yanke shi da zarto. Ka nemi gefe, bayan ginshiƙin get ko wani lungu da mai wucewa ba zai hanga daga titi ba, kuma inda ruwan damina ba ya dukan shi. Lokacin hunturu ƙura kan cika layukan su ƙage, ka riƙa rufe murfin robar, ka hure ƙurar, kada ka zuba man gyaɗa ko baƙin mai, ƙura suke ƙara kamawa.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya da kyau. Akwatin nan ba don ka tura wa mai saye lamba a WhatsApp kana kwance a gida aka yi shi ba. Wallahi gidan da babu kowa kwana ɗaya ya isa a kwashe wayarin da soket da kan famfo har da mita, sannan wanda ya riƙe mabuɗi awa ɗaya ya isa ya kai a yanka mishi irinsa, ko wani ɗan damfara ya riƙa kai mutane yana karɓar kafin alƙalami a gidan da ba nashi ba, kuma sunanka mai gida ya sani. Lamba ta tsaya tsakanin kai da yaronka da ka yarda da shi, ko abokin sana'a da ka san gidansu. Ya kira ka yana bakin ƙofa ka faɗa mishi, ka rubuta sunanshi da lokaci da wanda ya kawo, da ya fita ranar nan ka je ka canza lambar. Ina ganin wanda ba zai iya canza lamba a kai a kai ba gara ya ci gaba da yawo da mabuɗinshi a aljihu.

Kafin ma ka rataya sai mai gida ya amince, ka ce Alhaji ga abin da nake so in sa ga kuma amfaninsa, ya amsa maka a rubuce ko da saƙon waya ne. Gidan da iyali ke ciki kuwa ba a sa mishi akwati sam, nan sai an yi waya an sa lokaci, an yi sallama, mata sun kimtsa sannan a shiga. Mabuɗin get da na ƙofar falo kawai za ka sa, ba takardar da ke ɗauke da sunan unguwa ko lambar gida a jiki. Ranar da aka yi ciniki ka kwance akwatinka, ka gaya wa sabon mai gida ya canza kwado da makullan ƙofofi kafin ya tare.