Ta inda sirri ke zurarewa: kurakuran da aka fi yi

Mutane da yawa sun ɗauka ɗan leƙen asiri sai ya zo da baƙuwar fuska. Wanda ke yi wa wata ƙasa aiki ba sai ya taka Sakkwato ba. Ya ishe shi ya samu direban ofis, ko masinja, ko dillalin da ke kai da kawowa tsakanin Illela da Birnin Konni. Kuma ba babban sirri yake tambaya ba. Yau ya ji ranar da motocin soja za su tashi daga barikin Giginya, gobe ya ji hanyar da babu shinge wajen Tangaza, shi zai haɗa abinsa. Don haka abin da ka gani a wurin aiki kada ya bi ka majalisa ko teburin mai shayi, ko da kana ganin bai kai ya kawo ba.

Waya ce ta fi ba ni tsoro. Ma'aikaci ya ɗauki hoton takardar da aka buga wa hatimin sirri, ya tura zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinsu don a san yana cikin harka. Kafin la'asar ta kai Facebook. Wannan laifi ne a dokar sirrin gwamnati ta 1962. Ita kanta wayar ana shigarta: a 2019 WhatsApp ya kai kamfanin NSO na Isra'ila kotu kan kutsen da aka yi wa wayoyi kusan 1,400 da manhajarsa ta leƙen asiri mai suna Pegasus. In za a shiga taro mai nauyi, a ajiye wayoyi a bakin ƙofa, har ta oga.

Sai tayin aiki ta intanet: wani "kamfanin bincike" ya ce ka rubuto ɗan rahoto kan ofishinku, zai biya da dala. Ta LinkedIn, shafin neman aiki, jami'an Sin suka jawo Kevin Mallory, tsohon ma'aikacin hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, wanda Amurka ta ɗaure shekara 20 a 2019 kan yi wa Sin leƙen asiri. In irin wannan ya zo maka, nuna wa na gaba da kai kafin ka amsa.

'Yan kasuwa kuwa gani suke abin bai shafe su ba. Alhali mai fitar da fatar jar akuya ko albasa, sirrinsa shi ne wa ke saye, nawa yake biya, a hannun wa ake saro kaya. Duk suna cikin wayar yaron shago. Ranar da ya bar aiki, a karɓi makulli, a canja lambar sirrin imel da ta banki, ba sai an yi baram-baram ba.

In ka zargi wani, kada ka tara masa jama'a. An sha dukan baƙon da bai ji ba bai gani ba. Rubuta abin da ya tambaya da ranar da ya tambaya, ka kai wa DSS, hukumar da aka kafa a 1986 don irin wannan aiki a cikin gida.