Yadda Ake Ciyarwa Da Shayar Da Kyanwa Mai Cutar Sankarar Jini

Ƙwayar cutar FeLV, wadda ke jawo sankarar jini ga kyanwoyi, tana karya garkuwar jikin kyanwa, sau da yawa kuma bakinta yakan yi gyambo har cin abinci ya gagare ta.

1. Ka ware mata kwanonta, ka riƙa wankewa kullum. Cutar tana bin yawu zuwa sauran kyanwoyi, amma ba ta kama mutum.

2. Ka dafa kaza ko kifi sosai, ka cire ƙashi da ƙaya, ka dama da romo ya yi laushi. Kada ka sa gishiri, albasa ko tafarnuwa; biyun ƙarshen nan suna lalata mata jini. Ɗanyen nama kuwa kada ma ta gan shi.

3. Ka ba ta da ɗumi-ɗuminsa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Ƙamshin ne ke jawo ta. In ta kau da kai, ka shafa kaɗan a yatsanka ka kai mata baki.

4. Ruwa ya fi komai muhimmanci. Tana buƙatar kimanin mililita 50 a kowane kilo na nauyinta a yini. In ta ƙi sha, ka ɗiga mata da sirinji marar allura ta gefen baki, a hankali, kana bari ta haɗiye don kada ta shaƙe. Kada ka ba ta madarar shanu; takan sa ta gudawa.

5. Ka ɗaga fatar kafaɗarta ka saki, don ka gane ko ruwan jikinta ya yi ƙaranci. In fatar ta yi jinkirin kwanciya, ko dasashin kyanwar ya yi fari, ko ta yini ta kwana ba ta ci ba, ka kai ta wurin likitan dabbobi a ranar.